Mutanen Tsaskiya, Mu Riƙe Sulhun Nan da Hannunmu

Ya ku mutanen Tsaskiya, da 'yan'uwanmu na Runka da Batsari da rugagen bakin dajin Rugu, ku ba ni aron kunnuwanku!

Mun ga sulhu, mun kuma ga rushewarsa. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya je ya zauna da 'yan bindiga, aka yi alkawari. A Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30. Zuwa watan Yuni gwamnan ya janye hannunsa. A 2025 an sake zama a Batsari da Jibiya da Safana, wannan karon da jagorancin al'umma. Shin za mu naɗe hannu har shi ma ya bi sahun na baya?

Wutar nan ba daga sama ta faɗo ba. An nome burtali, an toshe mashaya. Shanu sun shiga gero, aka kai ƙara, aka tatse makiyayi, manomi kuma ya tashi a tutar babu. Aka sace garke, aka tare marar laifi a kasuwa don kawai Bafillace ne, aka rama a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Matuƙar waɗannan na nan, rantsuwar bakin daji ba za ta yi ƙarko ba.

Don haka mu tashi! Dagaci da ardo da liman da masu unguwa su sa ranar zama tsayayya, kowane mako, ba sai jini ya zuba ba. In an yi ɓarna, a je gonar a ranar, manomi da makiyayi su kimanta tare, a biya a gaban shaidu. A fito da iyakokin burtali tun kafin shuka. Wanda ya karya alkawari, danginsa su fara miƙa shi ga hukuma.

Kuma don Allah a saurari matan da aka mayar zawarawa, da marayu, da waɗanda suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa. Kada a yafe haƙƙinsu a bayan idonsu.

Yariman Katsina, Sarkin Ruma, Allah ya ja zamaninku, ku tsaya mana a kan wannan. Malamai, ku faɗe shi a huɗuba. Matasa, ku ƙi ɗaukar doka a hannu. Juma'ar nan, bayan an sallame, kada kowa ya watse sai an sa ranar zaman farko.