Gidan da Ba a Iya Sallama da Shi: Batun Adireshin Intanet a Guéné

Guéné gari ne na kan hanya. Yana bisa babban titin da ya taso daga Kandi ya nufi Malanville a arewacin Benin, kuma an san shi da kasuwar dabbobi. Gaba kaɗan akwai Kogin Kwara da gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta Nijar. Rufe wannan iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya koya wa 'yan kasuwar yankin darasi: idan ƙafa ta kasa zuwa, dole saƙo ya je. Kamfanonin MTN da Moov Africa da Celtiis suna ba da intanet ta wayar hannu, Starlink kuma ya shigo Benin a ƙarshen 2023. Sai dai samun intanet daban, samun adireshi a cikinsa daban.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar da ake kira adireshin IP. Akwai na cikin gida, kamar masu farawa da 192.168, waɗanda ba a ganin su daga waje. Akwai kuma na fili, waɗanda ake iya kai musu saƙo daga ko'ina a duniya. Na filin da ba ya canjawa shi ake kira adireshin dindindin. Yawancin masu amfani da wayar hannu ba su da shi, domin ana tara jama'a masu yawa a bayan adireshi guda. Misalinsu kamar 'yan haya ne a gida mai zaure ɗaya: kowa yana iya fita ya dawo da saƙo, amma baƙo ba ya iya sallama da wani takamaimai. Mai kallon bidiyo bai damu ba. Amma ɗan kasuwar da ke son duba rumbun kayansa kai tsaye ta kyamara daga Kwatano, ko ƙungiyar manoman shinkafa mai ajiye lissafinta a kwamfutar ofis, ko asibitin da ke haɗa rassansa, suna bukatar ƙofar da za a iya ƙwanƙwasawa.

Dalilin wannan cunkoso ƙaranci ne. Tsohon tsarin IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, kuma babban rumbunsa na duniya ya ƙare a Fabrairun 2011. Hukumar AFRINIC da ke Morishus, wadda ke rabon adireshi a Afirka tun 2005, ta tsuke bakin aljihu a Janairun 2020, inda ta taƙaita abin da take bayarwa lokaci guda tsakanin 256 da 1,024. Saboda haka duk ƙaramin kamfanin da zai kafa eriya ya raba intanet mara waya a Guéné da ƙauyukan kewaye, ɗan abin da ya samu sai ya yi tattalinsa.

A nan ne batun tsari ya shigo. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗe hasumiyoyi duka su zama shimfiɗa guda, kowa yana jin kowa. Bayar da adireshi a haka ba wuya, amma illarsa babba ce: na'ura ɗaya ta rikice, hayaniyarta ta cika dukan hanyar. Tsarin da ya fi inganci shi ne na zango-zango, inda kowace hasumiya ke da rautarta, wato na'urar da ke duba saƙo ta miƙa shi zango na gaba. Tambayar ita ce, yaya adireshin fili zai ratsa waɗannan zanguna ya isa gidan mai shi?

Dabaru huɗu aka fi sani. Ta farko, a yanka wa kowane mai saye ɗan yanki mai adireshi 4, alhali ɗaya kawai yake amfani da shi. Da haka adireshi 256 mutum 64 kaɗai za su isa. Wannan almubazzaranci ne. Ta biyu, a riƙe adireshin a cibiyar kamfani, a riƙa fassara shi zuwa na cikin gida. Ba asara a nan, amma mai shi bai riƙe komai a hannunsa ba, kuma wasu manhajojin kira da na tsaro sukan yi tuntuɓe da fassarar. Ta uku, a buɗe keɓaɓɓiyar hanya daga cibiya zuwa gidan mai saye, kamar ta PPPoE, wadda ke rage ɗan girman kowane ƙunshin saƙo. Ta huɗu, a ɗora adireshi ɗaya tak a kan rautar mai saye, sauran rautoci su sanar da juna inda yake ta hanyar ƙa'idar OSPF.

Biyun ƙarshe su ne suka dace da wuri irin Guéné. Ba sa ɓarnar adireshi, kuma suna damƙa wa mutum abin da ya biya. Ta huɗu ma tana da ƙarin fa'ida: idan iskar damina ta karkatar da eriya ɗaya, saƙo zai bi wani zangon da kansa, muddin an tanadi hanya ta biyu, kuma adireshin bai canja ba.

Masu ja da wannan ra'ayi sukan kawo hujja biyu. Ta farko, tsarin yana bukatar ƙwararren ma'aikaci. Gaskiya ne, amma horar da matashi ɗaya ya fi arha a kan rushe tsarin da ya riga ya girma a karkace, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta biyu, buɗaɗɗiyar ƙofa tana gayyatar ɓarawo. Wannan ma haka yake, domin kyamarar da aka bari da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ganima ce. Amma maganin ɓarawo kwaɗo ne, ba toshe ƙofa da laka ba. Wajibi ne mai sayar da adireshi ya kafa katangar tsaro, ya kuma koya wa mai saye canja kalmar sirri.

Mafita ta dogon zango ita ce IPv6, wanda aka tsara tun 1998, aka kuma yi gangamin ƙaddamar da shi a duniya ranar 6 ga Yuni, 2012. Adireshinsa ya wuce lissafin baki, har ana ba kowane gida yanki guda. Ya kamata hukumar ARCEP ta Benin ta sa ido a kan abu biyu: kowane kamfani ya bayyana wa mai saye irin adireshin da zai samu da farashinsa kafin ya biya, sannan duk sabon tsarin da za a kafa ya zo da IPv6 tun daga tushe. Garin da ya rayu da karɓar baƙi bai kamata ya shiga intanet a matsayin gidan da ba a iya sallama da shi ba.