Kada Ka Bari Manhaja Ta Yanka Maka Shafin Tsoffin Littattafan Jarumai

Yawancin matasanmu a fim suka fara sanin Batman da Superman, wasu kuma a wasannin waya. Amma asalinsu takarda ce, takardar ma mai arha irin ta jarida. A shekarar 1938 Superman ya fara fitowa a mujallar Action Comics ta farko, ana sayar da ita santi 10 a Amurka. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya nata a kan dala miliyan 6. Batman ya biyo baya a 1939, a fitowa ta 27 ta Detective Comics. Ba mai sa ran riƙe waɗannan a hannu, don haka waya ce hanyarmu. Damuwata ita ce yadda manhajoji ke nuna mana su, domin sau da yawa abin da ke isowa fuskar wayarka ba shi ne abin da mai zanen ya zana ba.

Tsayin shafin littattafan wancan zamani ya kai inci 10, wayarka kuwa da ƙyar ta haura inci 6 daga kusurwa zuwa kusurwa. Maganin da kamfanoni suka kawo shi ne su yanka shafin gida-gida, ka latsa, gida ɗaya ya cika fuskar waya, ka sake latsawa, na gaba ya zo. ComiXology ce ta yi suna da wannan tsari kafin Amazon ta saye ta a 2014, Marvel Unlimited ma tana da irinsa. Yana da daɗi, ba musu, musamman in kana cikin mota da hannu ɗaya. Ga labaran da aka zana don waya tun farko, irin na Webtoon da ake ja daga sama zuwa ƙasa, babu matsala ko kaɗan. Ga tsohon aiki kuwa, ɓarna ce.

Ɗauki The Spirit na Will Eisner, wanda ya fara fitowa a watan Yunin 1940 a matsayin ƙarin shafuka cikin jaridun ranar Lahadi, ya ci gaba har 1952. Labarin wani mai binciken laifuka ne, Denny Colt, da kowa ya ɗauka ya mutu, shi kuwa yana ɓoye a maƙabarta yana farautar miyagu da kwat shuɗiya, malafa da ɗan ƙyallen rufe ido. Ba ya tashi sama, ba shi da wani ƙarfi na musamman, duka ma yana sha sosai. Abin da ya sa har yau masu zane ke nazarin aikin shi ne shafin farko na kowane labari. Eisner yakan mai da harufan sunan jarumin su zama gini, ko tarkacen takardu da iska ke kwasa a titi, ruwan sama na zuba, inuwa ta cinye rabin shafi. Ana so idonka ya ga duka a lokaci guda, sannan ya gangara da kansa inda haske ya ja shi. Idan manhaja ta nuna maka kusurwa ɗaya, sannan wata, kamar wanda aka ba shi babbar riga ne aka ce ya yaba aikinta ta ramin makulli.

Akwai kuma abin da kan faru tsakanin gidaje. Mai zane yakan ƙanƙanta gidaje uku a jere don lokaci ya yi sauri, sannan ya buɗe babba guda don naushin ya ji. Jack Kirby, wanda ya ƙirƙiro Captain America tare da Joe Simon, yakan sa ƙafa ko hannun jarumi ya fasa layin gida ya shiga na kusa. A tsarin latse-latse, ƙarami da babba duk girmansu ɗaya ne a fuskar waya. Saurin ya tafi.

Mu a Najeriya an taɓa yi mana irin wannan taimako da ba mu roƙa ba. A tsakiyar shekarun 1970 an buga Powerman don kasuwar Najeriya, Dave Gibbons da Brian Bolland na Ingila suka zana, aka sa wa kowane gida lamba don kada mai karatu ya ɓace. Manhajar yau ma haka take ɗaukarka, wai ba za ka iya gane hanya da kanka ba.

Sai batun launi, wanda ya fi ɓata min rai. Masu fenti na wancan lokaci launi 64 kacal suke da shi, daga haɗa tawada uku a matakai kaɗan, ana buga su da ƙananan ɗige-ɗige. Sun san takardar za ta sha tawada ta dusashe ta, don haka suka zaɓi launuka masu ƙarfi. Da aka zo sake fitar da su a kwamfuta, sai aka share ɗigon, aka zuba launi tsantsa a kan fari fat. A fuskar waya mai haske, jan yana ƙona ido, fatar mutane ta koma kamar roba. Saurayi ya duba ya ce zanen da bai da kyau, alhali ba zanen da ya gani ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu "gyara" hoto sun ƙara dagula lamarin, domin ɗigon da zanen alƙalami datti suke ɗaukarsu, sai su goge.

Wani zai ce ai gyaran yana jawo sababbin masu karatu. Na yarda, amma a bar asalin a gefe, mutum ya zaɓa. Asalin ma ba duka ne abin alfahari ba. Ebony White, yaron da ke taimaka wa Spirit, an zana shi da irin siffar wulaƙanci da Turawan Amurka ke yi wa baƙar fata a lokacin. Gara ka gan shi yadda yake, ka san da wane ido masu wannan sana'a suka kalle mu.

Shafukan Digital Comic Museum da Comic Book Plus suna ɗauke da dubban tsoffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, an ɗauko hotonsu daga takardar asali da ɗigonta da rawayarta, kuma kyauta ne. Ba za ka sami Batman ko Superman a can ba, domin har yanzu na DC ne, sai 2034 labarin Superman na farko zai fita daga hannunsu, na Batman kuma 2035. Fayilolin yawanci CBZ ne ko CBR, manhaja irin CDisplayEx ko Perfect Viewer na buɗe su a Android. Ka sauke lokacin da data ke arha, ka kashe tsarin gida-gida, ka rage hasken waya. Duk shafin da ka buɗe, ka tsaya ka kalle shi ɗungurungum tukuna, ko da rubutun bai karantuwa, sannan ka zuƙo da yatsu biyu.