RA'AYINMU: A Koya Wa Yara Aljabara Da Sikeli

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, sai a ji iyaye suna kukan lissafi. Mu a ganinmu ɓarnar tana farawa ne tun daga ƙaramar sakandare, ranar da aka fara rubuta wa yaro harafin x a allo aka ce ya nemo adadinsa.

Abin da malamai da yawa ke yi shi ne su ba yara ƙa'ida ɗaya su haddace, wato a ƙetarar da lamba ɗaya gefen a canza mata alama. Yaro ya haddace, amma bai san dalili ba. Saboda haka in ya iso 3x = 4,500 sai ya ƙetarar da 3 ya ɗebe ta, ya ce amsa ita ce 4,497, alhali rabawa ya kamata ya yi.

To, abin ba shi da wuya haka. Alamar nan ta daidai sikeli ce, abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da na dama, kuma duk abin da aka yi wa gefe guda tilas a yi wa ɗayan. A ce mutum ya sayi mudu uku na gero, ya biya ɗan dako naira 500, kuɗin duka ya kama naira 5,000. A rubuce 3x + 500 = 5,000 ke nan. A cire 500 daga kowane gefe, saura 4,500. A raba kowane gefe gida uku, mudu ya tashi naira 1,500. Daga nan sai a mayar da amsar cikin tambayar a ga ko ta zauna. 'Yan kasuwarmu na Sabo ta Ibadan da Agege suna yin irin wannan lissafi da ka tun safe har dare, don me zai gagari 'ya'yansu a aji?

Ilmin nan ba baƙo ba ne a gare mu. Sunansa ma daga Larabci ya fito, daga littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Babu x ko y a cikinsa, da kalmomi ya yi bayani, kuma babban sashe nasa a kan rabon gado da wasiyya yake. Ma'anar al-jabr ita ce ɗori, irin wanda ake yi wa ƙashin da ya karye.

Yaron da bai gane wannan mataki ba, ba zai gane abin da ke gaba ba, ko a lissafin ko a kimiyya, kuma ba shi ba karatun likita ko injiniya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka muna kira ga malamai da su shiga aji da sikeli, ko da na gwangwani da igiya ne, su fara da misalan kasuwa kafin haruffa. Ma'aikatun ilmi na jihohi su umarci sufetocinsu su riƙa zama a aji suna jin yadda ake koyarwa. Iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba, ku ba yaro lissafin cinikin yini ya rubuta, sa'an nan ku tambaye shi yadda ya samo amsar.