Dubarar Wannan Wata: Mu Dasa Lalle a Gida

Da fatan zubi na tafiya daidai.

Wasunmu sun ga hoton wani farin fure a waya, mai kama da mazurari, ana ce masa kala lili, har suna tambaya ko a taɓa asusu a sayo iri. Asalinsa daga kudancin Afirka ne, laima yake so da sanyi. In yaro ya tauna shi, baki ya yi ta zafi ya kumbura. Mu nan Damargu, damina da ƙyar take cika wata uku, ga zurfin rijiya. Kar kuɗinmu su tafi can.

Abin adon da zai zauna da mu shi ne lalle. Yana jure rana, kuma in saiwa ta kama, ƙishi bai cika kashe shi ba.

A watan Yuli, in ruwa ya zauna, mu yanko reshe mai ƙwari, kaurin ɗan yatsa, tsawon kamu ɗaya. Mu haƙa rami, mu gauraya ƙasar da taki ruɓaɓɓe, mu binne rabin reshen. Mu dasa kusa da inda ake alwala, ruwan da ke zuba ya ishe shi. Ban da ruwan omo. A kewaye da ƙaya saboda awaki, a barbaɗa toka a gindi saboda gara.

Shekarar farko haƙuri za mu yi, kar mu tsinka. Daga ta biyu sai mu riƙa sare rassan, sabon toho ya fi kama hannu. A inuwa ake shanya ganyen, rana tana ƙoɗar da shi, mai saye kuwa kore take nema. A daka, a tankaɗe, a ƙulla.

Sallah biyu muke da ita kowace shekara, ga biki ga suna. Nan Falanko kawai akwai masu saye, balle in an kai Tanut ko Belbeji. Ko bai yi yawa ba, zai biya zubin sati, a daina taɓa hatsin rumbu. Mu tuna, Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maradi a 1991, da kaɗan-kaɗan suka soma.

Taro mai zuwa, duk mai lalle a gidanta ta faɗa wa sakatariya, a rubuta sunanta da na masu son reshe. Allah ya ba mu damina mai albarka.