FILIN MASU MOTA: Ɗaga Mota Ba Ado Ba Ne

A shekarar 1992 ne kamfanin Land Rover na Ingila ya fito da Range Rover mai zaune a kan jakunkunan iska maimakon sifirin ƙarfe. Famfo ke hura su, na'urar auna tsayi kuwa tana kowace ƙafa, tana shaida wa kwamfutar motar inda jiki ya tsaya.

To, ya kamata mai irin wannan mota ya sani cewa ƙarin tsayi domin ƙetare kwazazzabo ne ko rafi, ba domin tafiya a kwalta ba. Discovery 3, alal misali, takan tashi milimita 55, amma da zarar gudu ya wuce kilomita 50 a awa sai ta sauko da kanta.

Waɗansu sukan sauya sandunan na'urar don mota ta dawwama a sama. Wannan ganganci ne. Jakunkuna za su ƙandare, mahaɗan ƙafafu su yi saurin cinyewa, mota ta yi sauƙin kifewa a kwana.

Kada kuma makaniki ya shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙarfe, gama iska ba ta da alkawari.