Kwanon Mai Ciki a Tsakiyar Marka

A shekarar 2021 wata likita haifaffiyar Afirka ta Kudu mai suna Zena Stein ta rasu tana da shekara 99. Ba a san sunanta a kasuwar Kwanar Dangora ba, amma abin da ta yi shekaru tana bincike a kai yana nan a kowane gida na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, wato abin da mai ciki ta ci da abin da ta rasa.

Ita da mijinta Mervyn Susser sun bar ƙasarsu saboda mulkin wariyar launin fata, suka ƙare a Jami'ar Kolombiya ta Amurka. A can suka tono bayanan yunwar da ta afka wa yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci, har rabon mutum a rana ya gaza rabin abin da baligi ke buƙata. Yunwar ta zo farat ɗaya ta kuma ɗauke farat ɗaya, don haka ana iya sanin watan da ta riski kowane ciki. A 1976 suka duba takardun samari kimanin 300,000 da aka auna domin aikin soja. Waɗanda yunwa ta riska a watannin farko na ciki sun fi sauran yin ƙiba. Jikin da aka gina cikin rashi yakan koyi tattali, yana adana duk abin da ya samu, ranar da wadata ta zo kuwa tattalin nan ya zame masa cuta. Daga 1992 ɗansu Ezra Susser, likitan ƙwaƙwalwa, ya bi sawun mutanen nan, ya tarar cewa cikin da aka ɗauka a ganiyar yunwar haɗarin kamuwarsa da taɓin hankali mai tsanani, irin wanda mutum ke jin muryoyin da babu su, ya ninka sau biyu.

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne. To, a 2009 an auna mutane 1,339 a kasuwannin Inugu, aka ga waɗanda yunwar yaƙin basasa ta riska suna ciki ko suna goye sun fi sauran hawan jini da hauhawar sukari da ƙiba bayan shekara arba'in. Wani kuma zai ce mu ai ba yaƙi muke yi ba, mu ne ma ke ciyar da Kano. Gaskiya ne ƙarancin marka bai kai yunwar yaƙi ba, kuma babu mai cewa illarsu ɗaya. Amma a dubi yadda shekara ke tafiya a nan. Da kaka motoci ke kwashe masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada da araha, domin a biya bashin taki. Kafin watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, an koma awo da kwano, tuwon dare ya zama ɗumamen safe, miyar kuka babu ko ƙashi. Idan tsoka ta shigo gidan, malmalar maigida take hawa. Matar da ta ɗauki ciki a wannan tsakanin ita ce ke tashi da asuba ta yi surfe, ita ce kuma ta ƙarshen sa hannu a kwano.

Abin da ya fi ciwo shi ne watannin da binciken ya nuna sun fi hatsari su ne muke ɓoyewa. Kunya ba ta barin amarya ta faɗa, awo kuwa sai ciki ya fito fili, alhali ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo tun farkon ciki ake son a fara shan su, domin a makonnin farko ake shimfiɗa ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi.

Masu cewa taɓin hankali ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, sai dai neman sababi bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba. Kuma binciken bai ce duk ɗan da aka haifa cikin rashi zai kamu ba. Mafi yawansu lafiya lau suka rayu, gado da shaye-shaye da halin rayuwa duk suna da nasu kason. Ita kanta Zena Stein ta zaci yunwar za ta rage basirar samarin nan, da alƙaluma suka nuna ba haka ba, ta wallafa hakan a 1972, kuma wannan gaskiyar ce ta sa ake yarda da sauran maganarta.

Abin da ake nema duk muna nomawa. Wake da gyaɗa da waken suya da ake yin awara da shi, zogale a bayan danga, nonon rugagen gefen Falgore, kifin Tiga. Magidancin da zai kai hatsi kasuwa da kakar bana ya ware buhun wake ya ce na matan gida ne har bayan marka, malaman awo kuma su faɗa wa mazan unguwa kai tsaye cewa wata na biyu ake zuwa, ba na shida ba.