Wanda Ya Ba Da Jini, Me Muka Ba Shi?



Kwanakin baya wani matashi direban Keke Napep ya shigo shagona na magani da ke Bosso, ya ce, "Anti, ki ba ni maganin ƙarin jini mai ƙarfi." Na tambaye shi ko likita ne ya rubuta masa. Ya ce a'a, jini ya bayar makon da ya wuce. An yi cigiya a zauren WhatsApp na wata ƙungiyar unguwa cewa wata mai jego tana zubar da jini, ana neman mai rukunin O. Ya tashi da tsakar dare ya je asibiti, aka ɗiba, aka miƙo masa kwalbar Maltina, ya koma gida. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Anti, har yau ban san ko matar ta rayu ba."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Ƙungiyoyinmu na sa-kai a Minna, daga na unguwanni zuwa na ɗalibai da na wuraren ibada, sun iya cigiya, kuma Allah Ya saka musu. Inda ake yawan samun gibi shi ne bayan buƙata ta biya. Mai kuɗin da ya ba ƙungiya tallafi ana kai masa lambar yabo, ana ɗaukar hoto. Wanda ya ba da jinin jikinsa kuwa, sau da yawa ko kiran waya ba ya samu. Alhali Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici.

Mu duba girman kyautar. Babban mutum yana da jini kusan lita 5 a jikinsa, kuma leda guda da ake ɗiba tana ɗaukar kusan mililita 450. Babu masana'antar da ke haɗa jini, babu kantin maganin da ke sayar da madadinsa. Mai jegon da jini ya ɓalle mata, yaro mai ciwon sikila, wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, wanda ya yi hatsari a hanyar Suleja ko ta Bida, duk a jikin wani ɗan'adam za a samo musu. Jinin da aka ajiye a firji kuma ba ya wuce kwana 35 zuwa 42. Ke nan ma'ajiyar jini ba ta wadata sai masu bayarwa suna dawowa, kuma mutum ba ya komawa inda aka manta da shi.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara don gode wa masu ba da jini kyauta. Ranar ce aka haifi Karl Landsteiner, likitan ƙasar Ostiriya da ya gano rukunan jini na A da B da O a 1901. A birnin Stockholm na ƙasar Suwidin kuwa, ana aika wa mai bayarwa saƙon waya a lokacin da aka yi wa wani amfani da jininsa. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiyar unguwa a Tunga ko Maitumbi ba. Sakatare ya kira washegari ya ce, "Malam, mun gode, an ƙara jinin, marar lafiya tana samun sauƙi." Ba sai an faɗi sunanta ba, domin sirrinta haƙƙinta ne. Ko da Allah Ya karɓi ranta, a sanar da shi cikin mutunci, a gode masa.

Godiya ta biyu ita ce kula da lafiyarsa. A tabbatar an auna ƙarfin jininsa da nauyinsa kafin ɗiba. Ana buƙatar shekara 18 zuwa 65, da nauyin da bai gaza kilo 50 ba. Namiji ya huta wata 3 kafin ya sake bayarwa, mace wata 4. Ƙungiya ta riƙe littafi mai ɗauke da rukunin jinin kowa da ranar da ya bayar, don kada a riƙa damun mutum ɗaya saboda shi ne mai saurin amsa kira. Duk jinin da aka ɗiba ana gwada shi don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Idan an ga wani abu, ma'aikacin lafiya ne zai gaya wa mai jinin a keɓe, ya nuna masa inda zai nemi magani.

Ga batun Maltina da madara. Suna mayar da ruwa da ɗan kuzari, amma ba su ne ke gina jini ba. Ruwan da jiki ya rasa yana dawowa cikin kwana 1 zuwa 2, ƙwayoyin jini kuma sai bayan makonni. Abin da ya fi daɗewa shi ne sinadarin ƙarfe, domin leda guda tana tafiya da kusan miligiram 200 zuwa 250. A ci hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo, a haɗa da lemu ko gwaba. Shayi yana rage shigar sinadarin cikin jiki, don haka a ba shi tazarar awa 1 zuwa 2 da abinci. Ƙwayar ferrous sulphate tana taimaka wa masu bayarwa a kai a kai, musamman mata, amma a sha da shawarar likita ko mai harhaɗa magani. Tana mayar da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. A ɓoye ta daga yara, domin yawanta guba ne a gare su.

Abin da bai kamata ya zama godiya ba shi ne farashi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana sayar da jini, sai dai a mayar wa mutum abin da ya kashe, kamar kuɗin mota. Dalilin a fili yake: wanda yunwa ta kawo zai iya ɓoye ciwon da yake da shi, ko ya bayar kafin jikinsa ya murmure. Hoton mai bayarwa ma kada a sa a Facebook sai da izininsa.

Iyalai, ku ma da naku rabon. Idan an taimaki matarka ko ɗanka, ka koma wurin ƙungiyar ka ba da saƙon godiya, in kuma kana da lafiya, ka sa sunanka a littafin masu bayarwa.

Shi kuwa matashin nan, na tura shi a auna jininsa, sakamako ya fito lafiya lau, bai buƙaci ko ƙwaya ɗaya ba. Na nemi sakataren ƙungiyar a waya, ya bincika, ya kira shi da kansa. Matar tana nan da ranta, har an yi suna. Da ya biyo ta shago bayan kwana biyu, tambayarsa ɗaya ce: "Anti, yaushe wata ukun zai cika?"